Ragowar da Na Bar wa Banki

A gidanmu na Manawashi na tashi na tarar mahaifina ba ya taɓa biyan mai shagon ƙofar gida kaf. Ƙarshen wata zai je a buɗe littafi, ya biya, amma ya bar kuɗin sabulu ɗaya ko gwangwanin madara a rubuce. Ba don babu ba. A wurinsa, wanda ya share littafi tas ya ce wa mai shago sun raba gari ke nan. Shi ma mai shagon, ranar da wani ya biya duka, sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, lafiya? Mun yi laifi ne?" Da wannan tarbiyya na girma, kuma da ita na je na yi wa banki kara.

Shekarar da ginina na Barunde ya kai linta, bankin da ake biyan albashinmu ya bi ofis-ofis a sakatariya yana ba ma'aikata katin bashi: ka kashe yanzu, ka biya ƙarshen wata. Na karɓa da wata manufa. Rancen rufi nake hange, na katako da kwano, kafin damina ta biyu ta samu ginin a buɗe. An ce mana kafin a ba mutum babban rance sai an duba makinsa, makin kuwa daga yadda yake biyan bashi ake fitar da shi.

Wanda ya ƙarasa ni maƙwabcin teburina ne, wani dattijo da ya kusa ritaya. Bai taɓa riƙe irin katin ba, amma ya san komai a kansa, kamar yadda ya san maganin hawan jini da farashin dala na gobe.

"Kada ka kuskura ka biya duka," in ji shi. "Banki ɗan kasuwa ne. In ka biya tas, me ya ci da kai? Ka bar masa ɗan abu ya riƙa tunawa da kai. Haka makin yake hawa."

Maganar ta zauna mini, don muryar mahaifina na ji a ciki. Daga nan kowane wata kuɗin biya suna hannuna, amma sai na rage wani abu da gangan, ina jin kaina wani gogaggen ɗan boko. Ragowar ta haifi kuɗin ruwa, kuɗin ruwan suka haifi nasu. Ni kuma da na ga banki bai yi fushi ba, sai na ƙara sakin jiki: siminti da katin, kuɗin makaranta da katin, har ragon layya.

Maiɗakina ce kaɗai ta tanka. Ta ga saƙon banki a wayata ta ce, "Malam, ba kai ne kake yi mana wa'azin riba ba? Wannan da suke ɗorawa fa, sadaka ce?" Na ce mata ba ta san harkar banki ba, ta ce lallai kam ba ta sani ba, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Ana saura wata biyu ruwa ya sauka na sa shaddata mai aiki na tafi neman rancen. Wata matashiyar ma'aikaciya ta buga sunana, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutar.

"Yallaɓai, katinka kullum a cike yake, kamar na wanda bashi ya shaƙe. Wata biyu ma abin da ka biya bai kai mafi ƙarancin da aka yanka maka ba, an rubuta ka makara. Makinka ya yi ƙasa."

Na gyara zama na ce, "Ai da gangan nake barin ragowar, 'yata. Saboda zumunci."

"Zumunci da wa, Yallaɓai?"

Ta ce da ina biya duka a kan lokaci, da ko kwabo ba a ɗora mini ba, kuma da makin ya ishe ni rancen. Ta ce in share katin, in yi watanni ina biya daidai, sannan in dawo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga shadda sai ƙamshi take.

Da na koma ofis na ba dattijon labari, ko gezau bai yi ba. Ya ce ragowar ce na bari da yawa, shi ɗan abu ya ce.

Damina ta zo ta samu ginin yadda ta bar shi. A watan Agusta bangon ɗakin yara ya tsage daga linta har ƙasa, mai gidan da muke haya kuma ya aiko a sabunta hayar. Bandir biyu na kwano da na daɗe da ɓoyewa na sayar, na ɗauki kuɗin na kai banki na biya katin har kwabon ƙarshe. Mai karɓar kuɗi ya buga hatimi ya miƙo mini rasit. Wallahi sai da na ɗan tsaya a gabansa, ina jiran ya ɗago kai ya tambaye ni ko sun yi laifi. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Na gaba."