Baba Yohanna Mai Jifa da Doya

Duk wanda ya zauna a layinmu a Jalingo ya san ƙarar nan. Tim! Da sassafe, mutane suna dawowa daga sallar asuba, sai ka ji abu ya faɗo tsakar gida, kaji sun watse. Matar gida ta leƙo ta tarar da ƙatuwar doya a kwance, ba sallama, ba ɗan aike. To, Baba Yohanna ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Shi haka yake kyauta, ta saman katanga, da jifa, sannan ya wuce yana tari kamar ba shi ba.

Ku da kuka san shi kun san a ido ba a taɓa yin marowaci irinsa ba. Ganyen shayi ɗaya sai ya tsoma, ya matse, ya rataye a ƙusa don gobe. Takalmin tayarsa ya girme ni. Amma doyar gonarsa ta hanyar Iware, rabinta a tukwanen mutane take ƙarewa, kuma ba ruwansa da mai gidan coci yake zuwa ko masallaci. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, godiya. Ko ka ce na gode, ko useko, ko tankiyu, sai ya zabura kamar ka taka masa ƙafa: "Kai! Kar ka ci mini lada!"

Yana da hujjarsa fa. Cewa yake wa'azi biyu yake sha a mako, kyauta, na Lahadi a cocinmu da na Juma'a daga lasifikar masallacin bayan gida. "Fasto ya ce in ka ba da abu aka gani aka yaba, ladanka ya ragu. Liman ma ya ce haka. Kuma ba su haɗa baki ba! To ni wawa ne?"

Matsalar ita ce Baba bai iya saiti ba. Wata rana doyarsa ta sauka a kan randar Maman Rifkatu mai ƙosai, ta raba ta biyu. Ta zo gidanmu da guntun randar a hannu, zani duk ya jiƙe.

"Baba, na gode da doya, amma randata fa?"

"Wane doya? Wane randa? Ni ina barci."

"Na ga hularka ta saman katanga!"

"Hula iri ɗaya ya cika kasuwa."

Ta tafi tana mita. Ni kuwa na gan shi ya yi tagumi, na ce, "Baba, ka saya mata wata mana." Ya harare ni. "Saratu, ba ki da hankali. Randa yana jefuwa?" Washegari da sassafe sai ga bokitin roba sabo fil yana shawagi ta saman katangar Maman Rifkatu.

Sai kuma ranar godiyar kaka a coci, ranar da kowa ke kawo amfanin gona gaban jama'a. Mutane na shigowa da buhuna, Baba ya taso yana rawa, hannu biyu, da wata 'yar doya ƙanjamammiya da ko akuya za ta raina. Coci ya ɗauki dariya. Shi kuwa sai washe baki yake, don a lissafinsa zagi ƙarin lada ne. Fastonmu a lokacin sabon zuwa ne, matashi, ya ji haushin dariyar, ya ce bari ya wanke dattijo. "Jama'a, ku daina dariya. An faɗa mini wannan bawan Allah shi ne yake ciyar da..."

Baba ya miƙe tsaye. "Ƙarya ne, Fasto!"

A cikin coci! Mama Laraba, matar Baba, ta ja gyale ta rufe fuska. Fasto ya juya ya ce 'yan kwaya, mawaƙan coci, su ba mu waƙa.

Amma wanda ya ba Baba wahala da gaske shi ne Malam Buba tela, maƙwabcinmu da muke katanga ɗaya. Tun suna samari suke tare, kullum cikin musu a gindin mangwaro. Da yanar ido ta rufe wa Malam Buba gani, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ga jikoki marayu a gabansa. Shi kuma Bafulatani ne na gaske, ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya miƙa hannu. Doya ta fara faɗowa gidansa, ya ce sai ya san mai jefowa. Ya dawo daga masallaci ya shimfiɗa buzu a gindin katanga ya zauna gadi. Tim! A kafaɗarsa.

Sai ga shi a ƙofarmu, doya a hannu, yana laluben hanya da sanda.

"Jam na, Yohanna?"

"Jam."

"Wannan ta sauka a kafaɗata."

"Ayya, sannu. Ka shafa man zafi."

"Taka ce."

"Doya ya faɗa maka sunana?"

Malam Buba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ajiye doyar a gaban Baba, ya ce, "Ni ban kai ga karɓar sadaka ba tukuna." Ya juya ya tafi.

Ranar Baba ko shayinsa bai sha ba. Muna jin yaran ta bayan katanga suna tambayar kakarsu yaushe za a ɗora tukunya, shi kuma ya san in ya sake jefawa za a sake dawo masa da ita. Ban taɓa ganinsa cikin damuwa irin wannan ba, har ya ba ni tausayi.

Bayan kwana biyu sai ya ɗauko tsohon baƙin wandonsa da ya yage a gwiwa, ya rataye a kan katangar nan, ya tsaya yana magana da ƙarfi shi kaɗai. "Kai, Jalingo ya lalace! Babu tela ko ɗaya da ya iya aiki yanzu. Duk yara ne. Wandon nan sai dai a yar!"

Da yamma wando ya ɓace. Washegari ya dawo ta sama, ya sauka a kan igiyar shanya. Wayyo Allah, ɗinki! Farin zare a kan baƙin yadi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, aljihun dama an ɗinke bakinsa ruf. Baba ya ɗaga murya: "Wane ne ya taɓa mini wando?"

Daga bayan katanga muka ji muryar Malam Buba, a natse: "Wandon ya faɗa maka sunana?"

Mama Laraba ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Baba ya sa wandon nan ya tafi coci da shi ranar Lahadi yana taƙama. Da na nuna masa aljihun sai ya ce, "Madalla. Yanzu ba abin da zai fita." Da gari ya waye muka ji tim a gidan Malam Buba, kuma doyar ba ta dawo ba.

Daga nan fa aka buɗe hanya. Doya ta tafi, ɗinki ya dawo. Da Babbar Sallah nama ya faɗo mana a leda, da Kirsimeti cincin ya faɗa musu, kuma kowa ya rantse bai san komai ba. Da tsofaffin kayan Baba suka ƙare, da idona na gan shi, mutumin da ke shanya ganyen shayi, ya maƙala rigarsa mai kyau a ƙusa ya ja, ƙiii! Mama ta ce, "Ka haukace ne?" Ya ce, "Ƙusa ne. Ki yi faɗa da ƙusa."

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, da baƙin wandon nan mai farin zare aka binne shi, Mama ce ta ce sai da shi. Ranar zaman makoki rumfar ƙofar gidanmu ta cika, masu hula da masu gyale, 'yan coci da 'yan masallaci. Faston nan, wanda yanzu ya yi furfura, ya tashi ya ce, "Yau kam ba zai miƙe ya ƙaryata ni ba. Duk wanda doya ta taɓa faɗowa gidansa, ya tashi tsaye." Aka yi dariya, aka fara miƙewa, Maman Rifkatu a gaba, liman a bayanta, har da mutanen ƙauyen Kona da ban san Baba yana kaiwa can ba. Rumfa gaba ɗaya ta tashi, sai mutum ɗaya.

Jikar Malam Buba ta ja hannun rigarsa. "Kaka, ka tashi mana."

"Bar ni," in ji shi. Hawaye na bin gemunsa. "Ni ban san mai jefowa ba. Ba zan ci masa lada ba."

A nan dariya ta ƙare mini, na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar.

An ce har yanzu doya na faɗowa gidan Malam Buba da sassafe, har ta fasa masa buta makon jiya. Kada ku kalle ni, ciwon kafaɗar nan kwanciya ce na yi ba daidai ba.

Allah ya ba Baba Yohanna hutawa, ya biya shi ladansa cif, ba wanda ya gutsura masa. Allah ya raya marayun da ya ciyar, ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.