Malam Lawali Bai Taɓa Yi Wa Kowa Duba Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tashar Bungudu da safen nan aka kira ni, wai Malam Lawali ya rasu a Tsafe.

Shi ya koya mini kimiyyar fizis a Gusau. Ranar da babur ya zubar da ni, shi ya kai ni asibiti, ya zauna har aka gama ɗinki.

Na buɗe waya, raina ya ɓaci. Mutanen da suka shekara suna ce masa boka, su ne yau ke rige-rigen ɗora hotonsa, wai "masaninmu, abin alfaharin Zamfara." Tir.

Ga aikin da yake yi, don wanda bai sani ba. Akwai na'urar hangen nesa da ke can sararin samaniya. Kafin ta ɗauki hoto sai ta kafa ido kan tauraro guda, don kada ta yi rawa. Malam yana sauko da bayananta a intanet, yana bi shekara bayan shekara, yana auna yadda riƙonta ke raguwa da tsufa. Yakan ce kamar tsohuwa ce da zare da allura, tana zurawa amma hannu ya fara karkarwa.

Shi ke nan fa. Amma da aka ji taurari, sai aka ce duba yake. Wata ta zo har ofis a duba mata ko mijinta zai dawo. Ya ba ta ruwa, ya yi mata bayani, ta fita tana cewa rowa ce.

Abin da ya fi ba ni ƙyama, masu digiri ne suka kai maganar masallacin unguwa. Aka hana shi jan salla. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ya koma sahun baya, bai fasa zuwa ba.

Ganina da shi na ƙarshe, yana kwance a zaure, kwamfuta a kan cinya. Na ce Malam ka fito ka wanke kanka mana. Ya yi dariya, ya ce, "Bashiru, mi zan ce musu? Ni ban san gobe ba. Abin da yaw wuce nika aunawa."

Ɗazu da na kira matarsa in yi ta'aziyya, 'yarsa Nana ta karɓi wayar daga hannun uwarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, a makaranta an ce Baba boka ne. Za a yi mishi salla?"

An yi masa, Nana. Wanda ya ture shi daga gaba ma yana sahun farko.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsaya wa iyalinsa. Don Allah ku sa shi a addu'a. In za ku rubuta a ƙasa, ku kira shi malamin kimiyya, domin Nana tana karantawa.