Hailala Dubu Saba'in

Mahaifina ya rasu a makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Gari na ta shagali, rediyo na ta jawabi, mu kuwa muna zaman makoki a zauren gidanmu na Ƙofar Durbi. Ranar sadakar uku, ƙanin mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, ya ce za a ja wa mamacin hailala dubu saba'in. Ya juyo gare ni, tunda ni ne malamin lissafi a sakandare, ya ce, "Malam, raba mamu."

Ban zubar da hawaye ba tun rasuwar. Na ɓuya cikin hidima: shimfiɗa tabarma, cika buta, rakiyar masu gaisuwa. Da aka ba ni lamba sai na ji kamar an dawo da ni aji. Na zaro biro, na ƙirga mutanen zauren, na samu sha uku.

Nan fa aka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Dubu saba'in lamba ce mai sauƙin kai. Biyu sau huɗu, biyar sau huɗu, da bakwai guda, su aka ninka ta fito. Lambobi hamsin cif ne ke raba ta ba saura, amma sha uku ba ta cikinsu. Kowa zai ja dubu biyar da ɗari uku da tamanin da huɗu, takwas su rage ba mai su. Duk wannan na bayyana wa dattawa, carbi a hannunsu, a gidan mutuwa. Har da zane a bayan takardar sanarwa. Wani tsohon abokin mahaifina, tela, ya ce, "Ikon Allah, boko ke nan."

Ban ji zolayar ba. Na ce da mu sha huɗu ne, da kowa ya ɗauki dubu biyar daidai, wato zagayen carbi hamsin. Na miƙe ina neman takalmina, wai zan leƙa wajen hasumiyar Gobarau in samo mutum guda.

Baffa ya riƙo gefen rigata.

"Zamna. Mu nawa ka ƙirga?"

"Sha uku, Baffa."

"Kai hwa? Baƙo kake a gidan ga?"

Na sake dubawa. Shekara tara ina jan kunnen yara a kan su karanta tambaya kafin su fara aiki, ga ni na manta da ɗan mamacin. Yau na san ba mantuwa ba ce. Muddin ina rabo ina ƙirga, to ban yarda ya tafi ba.

Baffa ya ciro carbi daga aljihu ya sa mini a tafin hannu. Na gane shi nan take, da zaren kore da mahaifina ya ɗaure inda ya taɓa tsinkewa. Na soma ja. Ban kai ashirin ba lissafi ya ɓace mini, na koma farko, ya sake ɓacewa, don idona ya cika.

Sauran suka gama nasu kafin la'asar. Malamin lissafi kuwa har aka kira magariba yana kan dubu ta biyu, kuma babu wanda ya ce ya yi sauri.