Yaya Ruwa?

A daminar da rafin Dilimi ya cika ya shigo mana gida, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina ɗinki a bakin titi. Bayan la'asar ruwan ya zo. Ya ci ɗakuna biyu, ya kwashe awaki, ya kuma tafi da maƙwabciyarmu, tsohuwa mai ƙosai, aminiyar Innata tun zamanin da mazansu ke haƙar kuza.

Daga ranar Inna ta rufe baki. 'Yan jaje suka yi ta zuwa da "sai haƙuri", ita kuwa sai gyaɗa kai. Tuwo ya huce a gabanta. Hadari na haɗowa za ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Gaskiya na tsorata, na ɗauka uwata ta tafi ta bar mana gangar jiki.

Ana haka sai ga wata mata 'yar Ibo daga ofishin walfiya, masu kula da jin daɗin jama'a, da jaka da lema. Ba bargo, ba shinkafa. Ni da bakina ba ya shiru na tambaye ta me ta kawo.

Ta ce, "Oga tela, ni zama na kawo."

Wai zama! Na ajiye almakashi na zuba ido in ga irin wannan aiki. Sau uku tana zuwa, tana kan tabarma tana taya Inna tsintar wake, ba ta tambaye ta komai ba. A na huɗu ta shigo ana yayyafi, ta kakkaɓe lema, ta ce, "Sannu Mama, yaya ruwa?"

Gaisuwar damina ce, amsarta kuma ko yaro ya sani: ruwa ya yi gyara. Amma a gidan da ruwa ya ci mutum? Mu da ko na sha za mu miƙa wa Inna sai dai mu ce "ga shi". Raina ya ɓaci, har na miƙe zan nuna mata ƙofa.

Sai Inna ta ɗago kai. Murya a dushe ta ce, "Bai yi gyara ba."

Matar ba ta ba ta haƙuri ba. Da Hausarta ta kasuwar Farin Gada ta ce, "To Mama, me shi ya yi?"

Inna ta buɗe tafin hannunta na dama ta ƙura masa ido. "Hannun aminiyata na cikin nan. Ni na gaji na saki."

Matar ta ɗora nata hannun a wurin. Inna ta yi kuka har waken ya jiƙe, da yamma kuma ta nemi tuwo da bakinta.

Har yau ban sani ba ko gaisuwar nan suɓutar baki ce ko gwanintar aiki. Na taɓa tambayar matar, dariya kawai ta yi. Abin da na sani, kwana ashirin muna ba Inna haƙuri, ba wanda ya tambaye ta abin da ya faru, har da ni ɗanta.