Fiyanon da Bai Ji Kawu Basil Ba

Tun Basil Fortuin yana da gashi a ka yake kaɗa fiyano a zauren wani otal da ke bakin teku a Cape Town. Kullum sai ya shafe yatsunsa da man zaitun, ko gwangwanin kifi ba ya buɗewa, wai kada ya ji wa dukiyarsa ciwo.

Rannan manaja ya sayo fiyano mai kaɗa kansa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan idon lantarki da ke lura da yadda aka danna, ya adana, daga baya fiyanon ya maimaita ba kowa a kujera. Aka ce Basil ya kaɗa a ɗauka. Ya san da hannunsa zai kori kansa daga aiki. Amma girman kai ya hana shi kaɗa na banza, ya zage ya yi iya yinsa.

Da Thandeka, mai saita na'urar, ta kunna, sai kiɗan ya fito da giɓi kamar bakin tsohuwa.

"'Yata, idanun nan naki makafi ne."

"To, Kawu, bari in ƙara musu gani."

Ta ƙara, aka sake ɗauka. Wannan karon har rawar da yatsunsa ke yi sai da ta fito, giɓin kuwa yana nan daram.

"Kawu, sake kaɗawa, amma don Allah ka rufe bakinka."

"Bakina ya tsare miki hanya ne?"

Ya dai rufe. Nan ya ji da kunnensa. Ashe ƙaramin yatsansa na dama ya daɗe da ajiye aiki, duk inda ya kasa kaiwa da ɗan gunjin waƙa yake cikewa, bai sani ba. Kunya ta rufe shi, ya yi dariya har da hawaye.

Baƙin otal suka ƙi kiɗa mai giɓi, manaja kuma ya ƙi a ce ya yi asara. Sai aka raba gardama: fiyano ya kaɗa kansa, Basil ya zauna kusa, hannu a cinya, yana cike giɓi da baki.

Idan aka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce, "Ɗan amshin akwati ne ni." Yana faɗa yana dariya, amma ba ya son kallon maɓallan suna sauka ba shi.