Ranar da Fistin Ya Fashe a Maƙoshin Dutse

Shekara ashirin da biyu Yefim Lukich ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana gyaran injinan haƙar ma'adini a Kirovsk, can arewacin Rasha. Ya fito da kunne ɗaya a toshe, ga zuciya a kusa. Ko barin aikin ma da rigima ya yi shi, don mari ya kwaɗa wa shugaban sashensu a gaban leburori. Daga nan ya buɗe gareji a bayan gari, ya koma kan baburan ƙanƙara, waɗanda ke sulɓi a kan ƙanƙara ba da taya ba, irin dogayen nan na hawan dutse.

Sana'arsa ƙara wa inji ƙarfi. Sai ya cire turbon kamfani, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ya ɗaura babba, ya canza nozul mai fesa mai, ya buɗe salansa, ya sake nauyin kulochi, sannan ya jona kwamfuta ya wuni yana daidaita iska da mai. Babur in ya fito daga hannunsa, ana murɗa totur yake ɗaga kai sama. Amma in Yefim ya ce iya nan inji zai ɗauka, to magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne ba ya jin wannan magana, wato Rodion, mijin ƙanwarsa Tamara. Akwai wani kwazazzabo a tsaye cik tsakanin duwatsu biyu, mahaya na kiransa Maƙoshi, ba wanda ya taɓa kaiwa ƙarshensa. Rodion ya ƙwallafa rai sai shi.

"Yaya Yefim, ƙara mini iska kaɗan mana," ya ce ranar da ya zo ɗaukar babur. "Wannan ai abin hawan tsofaffi ka haɗa mini."

"Da wannan fetur na gidan man gari? Fistin zai narke maka a tsakanin cinyoyi."

"Tsufa ne ya sa maka tsoro."

"Kai kuma jakanci ne ya hana ka shi. Ɗauki kayanka ka fita mini."

Ranar Asabar da hantsi, cikin watan Afrilu, mahaya bakwai suka taru a gindin Maƙoshi, har da Yefim. Rodion ya ja da baya, ya murɗe totur har ƙarshe. Tun daga ƙarar farko Yefim ya kasa kunne. Da kunnensa guda ya ji turbon na wani irin kuka mai tsini da bai san shi da shi ba. An taɓa masa aiki.

"Sake totur, ɗan banza!" ya ƙwala ihu, amma wa zai ji shi.

Babur ya haura kamar an harba shi, yana watso ƙanƙara a baya. Saura kaɗan ya kai baki sai aka ji tau! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya mutu murus. Babur ya tsaya a miƙe, ya kifo ta baya. Sau uku yana birgima da Rodion a ƙarƙashinsa, a na huɗu ya maka shi da dutse, ya danne masa ƙafa.

Yefim ne ya fara isa. Ƙashin ƙaurin ya huda wando ya fito, jini ya rina ƙanƙarar wurin har tururi take. Ya zare bel ɗinsa ya ɗaure cinyar, ya sa sifana ya murɗa har Rodion ya suma. Su huɗu suka ɗaga babur, Yefim ya goya Rodion zuwa ƙasa. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da Rodion ya farfaɗo, 'yan'uwa suka tambaye shi abin da ya faru. Ya juya fuska bango ya ce, "Aikin Yefim ne."

Kwana biyu bayan haka, da tsakar rana, Yefim na sunkuye a kan mataccen injin yana duba fistin da ya huje, sai Stas, wan Rodion, ya shigo ta ɓangaren kunnen da ba ya ji. Ƙarfen cire taya ne a hannunsa. Duka na farko a muƙamuƙi ya sauka. Yefim ya ji haƙora sun cika masa baki. Na biyu ya karya masa haƙarƙari.

"Ka gurgunta mini ƙane, kana nan kana wasa da ƙarafa!"

Yefim ya faɗi kan benci, hannunsa ya ci karo da kan silinda, wani dunƙulen ƙarfe na inji. Ya ɗauka ya rafka wa Stas a gwiwar hannu, ƙashi ya ce ƙas. Ƙarfen ya faɗi. Suka rungumi juna suka zube cikin baƙin mai, Yefim ya hau ruwan cikinsa, ya kama gashinsa yana buga kan da siminti. Sau nawa, bai ƙirga ba. Maƙwabtan gareji uku ne suka ɓamɓare shi da ƙyar.

Wata biyu Yefim ya yi da baki a ɗaure da waya, romon kabeji yake zuƙa ta tsinken roba. Tamara ce ke kawo masa, fuska a murtuke. Rannan ya jawo kwamfuta ya nuna mata abin da injin ya rubuta da kansa: ranar Juma'a, bayan babur ya bar gareji, an ƙara iska kusan rabi. Ta daɗe tana kallo.

"Na sani, Yaya," ta ce. "A ɗakin girkina Rodion ya zauna ya yi shi, ina yanka albasa."

Yefim ya tura kwanon romon ya tarwatse a ƙasa. Ta durƙusa tana tsince fasassun tana kuka. Bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma nuna wa wani rubutun ba. Stas ya warke da hannu a lanƙwashe, ya koma Murmansk. Gari ya rabu biyu a kan maganar, wasu mahayan suka daina kawo wa Yefim aiki.

Da sanyi ya dawo, wata safiya Rodion ya turo ƙofar gareji da sanda, ƙafar ƙarfe na ƙara a kan siminti. Bai gaishe shi ba, bai ba da haƙuri ba.

"Ƙafar nan zamewa take a kan matakin babur," ya ce.

Yefim ya dube shi, muƙamuƙin nan a karkace, maganarsa tana fita ta gefe guda. Hannunsa na kan guduma, kuma sai da ya yi tunanin abin da zai yi da ita.

"Zauna a can," ya ce. "Cire ta in auna tafin."

Rodion ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kwance maɗauran, ya miƙa masa ƙafar. Yefim ya ɗora ta a benci, ya ɗauko alli da guntun faranti na ƙarfe, ya fara zana tafin ƙafar a kai.