Bawa da Fakarar Bakin Gona

Taubashina Bawa, ɗan Kawu Isa na Diggi, idan ya ƙura wa abu ido, ko wuta ta kama wandonsa sai ya gama kallo zai ji zafi. Muna yara ya taɓa bin tururuwa guda daga ƙofar gida, na rantse sai kusa da Kalgo aka tsinto shi. Mutane suka ce natsuwa ce. Ni na san ciwo ne.

Bayan babbar yunwar nan, lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba, kakarmu Hajjo ta fito da ɗan irin shinkafar da ta binne a tulu, wanda ta hana mu ci ko da muke ganin mutum bibbiyu. Aka shuka a fadama. In ta lalace, gidanmu ba iri, ba tuwo. Da ta fara nuna, tsuntsaye jan-baki suka taso. Kawu ya ce Bawa ya hau rumfar tsaro, wa ya kai shi sa ido?

Na ce, "Kawu, wanga yaro naka abu guda yake gani."

Aka ce in yi shiru, ni da zaman gaban allo ma ya gagare ni.

Bawa ya hau da safe, igiyar sakaina a hannu, ja kawai zai yi ta yi ƙara tsuntsaye su watse. Sai wata fakara ta leƙo daga ciyawar bakin gona. Shi ke nan.

Da la'asar na kai masa fura. Tun daga nesa gonar ta yi baƙi, tsuntsaye har sun tare rana. Bawa na rub da ciki a ƙasa, wani tsuntsun ma bisa hularsa yake hutawa.

"Bawa! Shinkafa!"

"Kai ɗan goggo, sassauta murya, za ka kore min ita."

Ya kuwa cafke ta. Ya kai wa Hajjo yana washe baki.

Ta dubi fakarar, ta dube shi. "Angona, ga nama. Tuwon fa?"

Tsohuwar nan da kanta ta bi gona a duƙe tana kala, da ƙyar ta haɗa ƙwarya guda ta mayar tulu. Da shekara ta zagayo ta ce a sa mai rawar ido, wanda ba ya iya kallon wuri ɗaya.

Ni ke nan. Har yau ni ke gasuwa a rumfar nan, Bawa na cikin inuwa a Gwandu yana ɗinkin riga, ana ta yabon natsuwarsa.